Ɗan shekara 11 yana son bindigar iska: a saya masa ko a hana?

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 ya matsa mini lamba in saya masa bindigar iska, wai yana son koyon harbi irin na gasar Olamfik. Mahaifiyarsa ta ce atafau, bindiga bindiga ce. Ni kuwa ina ganin ai abin wasa ne kawai. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? In kuma za a bar shi, ta wace hanya?

Amsa: Malam, a wannan gardama maiɗakinka ta fi ka kusa da gaskiya. Bindigar iska makami ce, tana tsiyaye ido, tana kuma kisa. Sai dai wannan bai isa dalilin hana yaron wasan harbi ba. Abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa: barin yaro ya yi harbi a gaban babban da ya san abin da yake yi, da kuma mallaka masa bindiga ya jingine a bayan ƙofar ɗakinsa. Na farko ana iya yi wa ɗan shekara 11 mai jin magana. Na biyu bai dace ba ko kaɗan, ko da yaron ya fi kowa natsuwa a gidan.

Bari mu fara da ƙarfin abin, domin nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Harsashin da aka fi amfani da shi 'yar ƙwayar dalma ce mai kaurin milimita 4.5, nauyinta kusan rabin giram. Ana auna ƙarfin fitarta da ma'aunin da ake kira jul. Bindigar gasa, wadda ita ce mai sauƙin ƙarfi, tana da jul 7.5, wato ƙwayar na barin bakin bindiga da gudun kusan mita 170 a sakan ɗaya. Wadda ake sayarwa don harbin zomo da tantabara tana kai jul 16, gudun mita 240 da ɗoriya. Fatar mutum kuwa gudun da bai wuce kusan mita 100 a sakan ba ya isa ya huda ta, ido kuma ko rabin haka bai buƙata. Ƙashin gefen kan yaro siriri ne, tsakanin haƙarƙarinsa da zuciyarsa ba nisa, kuma idan aka ɗaga bakin bindigar sama, ƙwayar na iya tafiyar kusan mita 300 kafin ta faɗo. A 2005 an harbi wani yaro ɗan shekara 2 a ka da bindigar iska a birnin Gilasgo na Sikotilan, ya rasu. Wannan mutuwa na cikin abin da ya sa Sikotilan ta yi dokar 2015 da ta wajabta neman lasisi, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2016.

Saboda haka kafin ka taka kanti, bincika dokar ƙasar da kake, don bambancin yana da yawa. A wasu ƙasashe bindigar iska na cikin jerin makaman da sai da izinin 'yan sanda ake riƙewa, kuma rashin sani ba ya fitar da mutum. A Ingila wanda bai kai 18 ba ba zai saya ba, wanda bai kai 14 ba kuma ba zai harba ba sai a gaban mai shekara 21 ko fiye, sannan bindigar da ta haura jul 16 sai da lasisi. Laifi ne kuma a can mutum ya yi sakacin ajiya har yaro ya kai hannu gare ta. A Jamus iyakar da ba ta buƙatar lasisi jul 7.5 ce, ana buga mata harafin F cikin zane mai kusurwa biyar. Yaro na fara harbi a filin ƙungiya daga shekara 12 da rubutaccen izinin iyaye, ƙanana kuma sai a ba su bindigar haske wadda ba ta fitar da komai, na'ura ce ke nuna inda saitinsu ya faɗa. Ka lura da abin da dokokin nan suka haɗu a kai: sun buɗe wa yaro ƙofar harbi, sun bar mallaka a hannun babba.

Shekaru dai ma'auni ne na doka, amma ba su kaɗai ke nuna yaro ya isa ba. Akwai ɗan shekara 10 da za a iya koya wa, akwai ɗan 15 da bai kamata ya taɓa ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan aka ce masa "tsaya" yana tsakiyar abin da yake jin daɗinsa, yana tsayawa nan take, ko sai ya ƙarasa tukuna? Yana iya zama minti 20 kan abu ɗaya? Idan ransa ya ɓaci, yana jifa da abin da ke hannunsa? Yana cin zalin kyanwa da tsuntsaye don nishaɗi? Ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ya isa a ɗage maganar zuwa baɗi. Haka nan idan a gidan akwai matashi mai fama da tsananin damuwa ko mai maganar cutar da kansa, kada a shigo da bindiga kowace iri, ko da ta iska ce.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kai shi ƙungiyar harbi in akwai a kusa, ya yi wata biyu ko uku da bindigar aro kafin a kashe ko sisi. Yara da yawa suna tsammanin harbi gudu ne da ɓuya irin na fim. Da sun tarar tsayuwa ce wuri ɗaya da riƙe numfashi, sai sha'awar ta tafi, ka huta da ajiyar abin da ba a amfani da shi.

In ya ɗore, sai maganar wacce za a saya. Iri huɗu ne a kasuwa. Akwai mai sifirin wadda ake karya bututunta a ɗana. Tana cikin masu araha, ba ta buƙatar komai sai ƙwaya, kuma tana cin harsashi ɗaya ne tak a lokaci guda, abin da ke rage haɗari sosai. Matsalarta nauyin ɗanawa: ta manya na buƙatar ƙarfin kilo 14 zuwa 18, ta yara kilo 6 zuwa 9. Akwai mai tukunyar iska, wadda ake kira PCP, ita 'yan gasa ke riƙewa domin ba ta girgiza. Ana cika ta da iska har matsinta ya kai 200 a ma'aunin da ake kira bar, kusan ninki 80 na iskar tayar mota, don haka cikawar aikin babba ne. Akwai mai 'yar kwalbar gas ta giram 12, wadda ƙarfinta ke hawa da sauka da zafin gari, kuma ba a barin ta cikin mota a rana. Sai mai famfo da ake bugawa sau da yawa kafin kowane harbi. Ga ɗan shekara 11, nemi mai cin ƙwaya ɗaya, mai kaurin 4.5, wadda ba ta wuce jul 7.5 ba, nauyinta kilo 2.5 zuwa 3.5. Kada mai kanti ya ruɗe ka da gudun da aka rubuta a kwali. Takarda ce za a huda a nisan mita 10, ƙarin ƙarfi ba ya ƙara komai sai girgiza da haɗari.

Abu biyu zan ce ka kauce musu. Na farko ƙaramar bindigar hannu, domin gajarta ce, da yaro ya ɗan juya wuyan hannu bakinta ya kalli mutum. Na biyu mai harba ƙwallayen ƙarfe da ake kira BB. Dalma tana da laushi, in ta bugi abu mai tauri takan baje ta faɗi. Ƙwallon ƙarfe kuwa tsalle yake yi ya dawo, sau da yawa kai tsaye ga fuskar mai harbin. Abin takaici, ita ake tallatawa a matsayin ta yara.

Duba tsawon gindin bindigar ma. Daga kunama zuwa inda ake jinginawa a kafaɗa, ta manya santimita 35 zuwa 36 ce, yaro irin naka yana buƙatar wajen 30 zuwa 32. Idan ta yi masa tsawo, zai riƙa lanƙwasa baya yana miƙa wuya, bakin bindigar na lilo, ya saba da mummunar tsayuwa da za ta yi wuyar gyarawa. Sannan a gane idon da ya fi rinjaye: ya miƙe hannaye biyu, ya haɗa su ya bar 'yar kafa a tsakiya, ya kalli wani abu mai nisa ta cikinta, sai ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba, shi ne mai rinjaye. In bahago ne a ido amma na dama a hannu, tun farko a koya masa daga kafaɗar hagu, ko a rufe idon hagun da ɗan farin roba a jikin tabarau.

Wurin harbi shi ne inda na fi son ka daɗe kana tunani, domin yaro mai koyo zai kuskure takardar, babu makawa, kuma abin tambaya shi ne ina ƙwayar za ta. Ana sayar da akwatin kama harsashi mai farantin ƙarfe da aka karkatar ƙasa, ƙwayar ta buga ta zube ciki. In za ka haɗa da kanka, samo kwali mai zurfin aƙalla santimita 30, ka danƙare shi da tsummoki da tsofaffin jaridu, ka liƙa takardar saiti a gaba, kuma duk bayan zama ka juya ka duba ko ƙwaya ta fara leƙowa ta baya. A bayan akwatin a sami bango na bulo, a rataya masa tsohuwar darduma mai kauri, faɗin mita 2 da tsayin mita 2, a bar ta sakwa-sakwa kada a ɗaure ta tamau, don sakin ne ke shanye ƙarfin ƙwayar. Katako, musamman falankin filawud, tarko ne: ƙwaya mai ƙarancin ƙarfi ba ta shiga cikinsa, dawowa take yi. Haka taya, dutse, kwalba, gwangwani mai tauri da saman ruwa. Shingen kwano ko na itace ba ya tsare komai, kuma a bayansa akwai maƙwabta. Kada ƙofa, taga ko hanyar wucewa ta kasance tsakanin mai harbi da bango, ko a gefe kusa. Ƙannensa da dabbobin gida a kulle su ciki har a gama. Duk wanda ke wurin, har kai, ya sa tabarau na kariya mai lambar EN 166 ko Z87.1 a jikinsa. Gilashin karatu ba ya maye gurbinsa.

Zaman farko a yi shi babu harsashi ko ɗaya a wurin. A koya masa ƙa'idoji huɗu har ya iya faɗa ba tare da tunani ba. Kowace bindiga a ɗauka akwai harsashi cikinta. Bakinta ba ya kallon abin da ba a yi niyyar harbi ba, ko da wasa, ko da an tabbata babu komai. Yatsa na miƙe a gefe, ba ya shiga gidan kunama sai an gama saiti. A san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Sai kalmar "tsaya": duk wanda ya faɗe ta, yatsa ya fita, a buɗe bindiga, a ajiye a kan tebur, a ja da baya. Ka gwada shi da ita ba zato, sau da yawa, har ranar da ya ƙware. A gasar ƙasa da ƙasa ana zura wani zare mai launi ta cikin bututun ya fito ta baki, don kowa ya gani da idonsa cewa babu ƙwaya a ciki. Igiyar roba ta injin yankan ciyawa tana yin wannan aiki, kuma ɗabi'a ce mai kyau a gida.

Daga nan sai harbi a zaune, bindiga a kan ƙaramin buhun yashi bisa tebur, nisan mita 5 ko 6, da babbar takarda. Kai kana tsaye a bayan kafaɗarsa, inda hannunka zai kai ga bututun cikin ƙiftawar ido, gwangwanin ƙwaya a hannunka kana ba shi ɗaya bayan ɗaya, waya kuma a aljihu. Babba ɗaya, yaro ɗaya, bindiga ɗaya. Harbi 20 zuwa 30 cikin rabin awa ya isa. Da gajiya ta shigo, sakaci ke biyo ta. Kada ka dame shi da buga tsakiya. Abin nema shi ne ramuka biyar su taru wuri ɗaya, ko da a gefen takarda ne, domin matsar da saiti aikin minti ɗaya ne. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya riƙe, ya matsa kunama a hankali da tsokar kan yatsa. In sakan 8 ya wuce bai harba ba, ya sauke ya sake, don ido ya fara dishi, hannu ya fara rawa. Bayan harbin ya zauna a saitin na sakan biyu. Ɗago kai da wuri don ganin inda ta faɗa shi ne kuskuren kowane sabon hannu, kuma a mai sifirin yana karkatar da ƙwayar tun ba ta bar bututu ba. Harbi a tsaye a jinkirta shi, a kuma taƙaita, saboda tsayuwar tana tura ƙugu gaba ta ɗora nauyi a gefe ɗaya na bayan da bai gama ƙwari ba.

Yanzu ga abubuwan da ke ɓaci. A mai karyewa, idan an karya bututu an ɗana, sifirin na matse yana jira. In yatsa ya taɓa kunama a lokacin, bututun zai maido kansa da ƙarfi, ya datse yatsun da ke sa ƙwaya, ko ya bugi fuska, ya kuma lanƙwashe. Maganin shi ne hannu ɗaya ya riƙe bututun gam har a gama ɗurawa, ko da kamfani ya ce akwai abin kariya. Kada a harba mai sifirin babu ƙwaya, domin fistin da ke tura iska zai bugi ƙarshen silinda babu matashin iska, roba ta lalace. Kada a ɗiga man inji ko man keken ɗinki a ramin iska: matsin yana kunna shi kamar injin dizal, a ji ƙara da hayaƙi, sifirin ya karye. A mai tukunya, iska ce kawai ko naitirojin ake cikawa. Iskar oksijin tana haɗuwa da maiƙon ciki ta fashe, kuma tukwanen bindigar gasa suna da wa'adin shekara 10 da aka buga a jikinsu. Mai cin ƙwaya da yawa kuma tana da mugun tarko: cire gidan harsashi bai cire wadda ta riga ta shiga bututu ba. "Ai na cire, babu komai" ita ce maganar da ake ji bayan haɗari. Idan aka ja kunama ba a ji fitar ƙwaya ba, kada a ƙara wata a kai, kada kuma a leƙa ta baki. Babba ya buɗe, ya ture ta da sandar wanke bututu.

Dalma ita ce haɗarin da ba a gani. Guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, kuma masana lafiya ba su san wani adadi da za a ce ba shi da illa a jinin yara ba. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauke ma'aunin da take sa ido a kai zuwa maikurogiram 3.5 a kowace desilita ta jini. Bindigar iska ba ta da hayaƙin albarushi, don haka hanyar shigar ita ce hannu zuwa baki da ƙurar da ke taruwa a akwatin kama harsashi. Kada ya riƙe ƙwaya a leɓe, al'adar da masu harbi da yawa ke da ita. Ba ci ba sha a wurin. Da an gama a wanke hannu da sabulu. Zubar da akwatin aikinka ne, da safar hannu da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya, don shara tana tayar da ƙurar. A tsince duk ƙwayar da ta faɗi saboda mai rarrafe. Akwai ƙwayoyin kuza marasa dalma. Sun fi tsada, sun kuma fi saurin tsalle su dawo, amma in akwai jariri a gidan sun cancanci kuɗinsu.

Ajiya kuwa ba ta da sassauci. Bindiga a kabad mai makulli, babu ƙwaya, ba a ɗane ba, ƙwayoyi a wani wuri dabam a kulle, makullan a jikinka. Saman kabad da ƙarƙashin gado ba maɓoya ba ne, yara sun san ko'ina a gida fiye da iyayensu. Lokacin da ya fi haɗari shi ne ranar da ba ka nan abokai suka zo, ana son a nuna musu. Kada kuma ta fita titi a buɗe ko sau ɗaya. Daga nisan mita 20 babu ɗan sanda ko maƙwabcin da zai bambance ta da ta gaske.

In aka bi wannan hanya, abin da yaron zai samu ba kaɗan ba ne. Harbin mita 10 ya shiga Olamfik a 1984. Ɗigon tsakiyar takarda mai maki goma faɗinsa rabin milimita ne, ana harbi 60 cikin minti 75, a tsaye, da bindigar da ba ta wuce kilo 5.5 ba. Wasa ne na sarrafa numfashi da bugun zuciya, da iya mantawa da harbin da ya ɓaci a fuskanci na gaba, kuma ƙarfin jiki ba ya ba kowa fifiko a cikinsa. Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare da shi a Beijin a 2008, Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu kuma ta ci nata a Faris a 2024 tana da shekara 16. Shawarata ku zauna ku uku da mahaifiyarsa ku yi sharaɗi a fili: bindigar taka ce, aro yake yi, kuma ranar da bakinta ya kalli mutum ko dabba, an rufe kabad na wata guda, babu roƙo.

Ko da an kiyaye komai, ku san abin yi in tsautsayi ya faɗa. Ramin da ƙwayar ke bari ƙarami ne, jini kaɗan, yaron ma yana iya cewa ba ya jin komai, musamman in yana tsoron faɗa. Kada wannan ya yaudare ku. Duk harbin da ya sami kai, wuya, ƙirji ko ciki, asibiti nan take, domin ƙwayar na iya kaiwa ga huhu, hanji ko jijiyar jini, alamun kuma sai bayan sa'o'i su bayyana. In ido ne, kada a murza, kada a wanke, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin ciro komai. A kifa kofin takarda a kai a liƙe da filasta, a hana shi ci da sha saboda yiwuwar tiyata. A tafi da gwangwanin ƙwayar a nuna wa likita, don yana buƙatar sanin dalma ce ko ƙarfe kafin ya sa a ɗauki hoton MRI, wanda maganaɗisunsa ke iya motsa ƙwallon ƙarfe a cikin jiki.